Sahun sallah da rigimar haɗa ƙafa: amsa ga wani ɗan'uwa daga Garwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina cikin masu kula da wani ƙaramin masallacin unguwa. Samarinmu sun ce duk wanda bai manna ƙafarsa da ta maƙwabcinsa a sahu ba, sallarsa tana da naƙasa, suna kafa hujja da Suratus Saffi. Dattawa kuma sun ce tun kaka da kakanni ba su san wannan ba, yatsu kawai ake taka musu. Kwanan baya har an ɗaga wa juna murya bayan la'asar. Yanzu samarin jira suke liman ya sallame su tayar da nasu jam'in, har sun fara maganar gina nasu masallacin. Me Alƙur'ani da hadisi suka ce game da sahu, kuma wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba ku ladan hidimar ɗakinsa.

Bari in fara sauke maka abin da ya fi yi maka nauyi. Sallar dattawanku ta yi, sallar samarinku ma ta yi. A mazhabobin nan huɗu babu inda aka sanya taɓa ƙafar maƙwabci cikin sharuɗɗan ingancin sallah. Daidaita sahu da toshe giɓi kuwa umarni ne na Manzon Allah (SAW) wanda ba a wasa da shi. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi sunna mai ƙarfi, wasu sun ce wajibi ne, har Imamu Bukhari ya buɗe babi a kan zunubin wanda bai cika sahu ba. A cikin babin ya kawo cewa Anas ɗan Malik ya zo Madina bayan tsawon zamani, aka tambaye shi abin da ya ga ya canza, ya ce babu abin da ya ƙi sai rashin tsayar da sahu. Duk da haka bai ce kowa ya rama sallarsa ba.

Ayar da samarin ke jawowa ita ce ta 4 a Suratus Saffi: Allah yana son waɗanda suke yaƙi saboda shi a jere, kamar gini ne da aka ɗaure sashensa da sashe. Maganar filin daga take yi, rundunar da Annabi da kansa yake jagoranta, babu zancen ƙafa a cikinta. Mu da muke maƙwabtaka da hare-haren Boko Haram a garuruwan Fotokol da Kolofata ba sai an gaya mana illar ɗaukar ayar yaƙi a ajiye ta inda ba muhallinta ba. Amma tana da dangantaka da sallah. An ruwaito daga Ƙatada, malamin tafsiri cikin tabi'ai, cewa kamar yadda mai gini ba ya son gininsa ya karkace, haka Allah ya jera muminai a yaƙinsu ya kuma jera su a sallarsu. Sai dai ka ce wa samarin su koma ayoyi biyu baya. Aya ta 2 da ta 3 tuhuma ce: don me kuke faɗin abin da ba kwa aikatawa? Abdullahi ɗan Salam ya ba da labarin cewa sun zauna ne suna cewa da sun san aikin da Allah ya fi so da sun yi shi, sai surar ta sauka. Wanda zai karanta aya ta 4 a kan ɗan'uwansa, ya fara karanta ta 2 a kan kansa.

In ka bi Alƙur'ani za ka ga jeruwa a sahu ta zo a wurare da yawa. Sura ta 37 da rantsuwa da masu sahu ta fara, kuma a aya ta 165 da 166 mala'iku suka faɗa da bakinsu cewa su ne masu sahu, su ne masu tasbihi. A Suratun Nur aya ta 41 an ambaci tsuntsaye suna shimfiɗa fikafikansu a sararin sama, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. Ranar alƙiyama mala'iku za su zo sahu-sahu, haka Suratul Fajri ta ce a aya ta 22, mu ma a sahu za a gitta mu ga Ubangiji kamar yadda ya zo a Kahfi aya ta 48. Akwai kuma wadda ba a cika ambatonta a wa'azi ba, ni kuwa ita nake so ka riƙe. A Suratu Ɗaha aya ta 64, matsafan Fir'auna ne suke ce wa juna su haɗa makircinsu su zo a sahu guda. Ashe masu ɓarna ma sun san amfanin jeruwa. A Suratul Hashri aya ta 14 kuma Allah ya siffanta wasu mutane da cewa kana zaton a haɗe suke, alhali zukatansu daban-daban ne. Magini yana iya ja igiya ya jera tubali ɗoɗar, in bai sa kwaɓi a tsakani ba, ruwan Agusta na farko zai nuna masa aikinsa. To jeruwar jiki kaɗai ba ita ce abin yabo ba, sai an san don wa aka tsaya, a bayan wa aka tsaya, da kuma abin da ke tsakanin masu tsayuwar.

Mutanen da aka fara jerawa a masallacin Madina ba mutanen da suka tashi da son juna ba ne. Ausu da Khazraju, ƙabilun Madina biyu, sun daɗe suna zubar da jinin juna, yaƙinsu na Bu'as bai fi shekara biyar kafin hijira ba. Mutum yana iya samun kansa kafaɗa da kafaɗa da wanda danginsa suka kashe masa uba. Su aka ce wa a Ali Imrana aya ta 103 su yi riƙo da igiyar Allah gaba ɗaya kada su rarraba, su tuna sun kasance maƙiya Allah ya haɗa zukatansu. A Anfali aya ta 63 aka gaya wa Annabi cewa da zai kashe dukiyar duniya kaf ba zai iya haɗa zukatan nan ba, Allah ne ya haɗa su. Sahu yana cikin hanyoyin da aka bi aka riƙe wannan haɗuwar, sau biyar kullum.

Nu'umanu ɗan Bashir ya ce Annabi yana miƙar da sahunsu kamar mai miƙar da kibiya, har ya ga sun gane. Wata rana ya fito ya kusa yin kabbara, sai ya hango wani mutum ƙirjinsa ya fito daga sahu, ya ce: bayin Allah, ko dai ku daidaita sahunku ko Allah ya saɓa tsakanin fuskokinku. A ruwayar Abu Dawuda, tsakanin zukatanku. Abu Mas'ud al-Ansari kuma ya ce yakan shafi kafaɗunsu yana cewa ku daidaita, kada ku saɓa zukatanku su saɓa. Mu mun saba tunanin sai zuciya ta gyaru jiki ke bi. A nan an nuna mana cewa ta ɗaya ɓangaren ma abin yana tafiya. Imamu Nawawi ya yi bayaninsa a taƙaice, ya ce saɓanin zahiri shi ke jawo saɓanin baɗini. Kai ma ka sani. Wanda ya zarce ka da taku ɗaya a sahu, ko ya ja jikinsa don kada rigarka ta taɓa tasa, ya gaya maka magana ba tare da ya buɗe baki ba, kuma da ita za ka fita masallacin.

Yanzu ga ƙafar. Samarinku ba su ƙirƙiro ta ba, dattawa su daina cewa bidi'a ce. A Bukhari Anas ya ce ɗayansu yakan manna kafaɗarsa da kafaɗar abokinsa, ƙafarsa da ƙafarsa. Nu'umanu ya ambaci idon sawu da idon sawu, a ruwayar Abu Dawuda har da gwiwa da gwiwa. Akwai ma ƙarin magana daga Anas da Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari, cewa da za ka yi wa wani haka a yau da ya zabura kamar alfadari mai tutsu. Tun zamanin Anas ke nan ana janye ƙafa. Shaihu Albani, wanda ya rasu a 1999, ya ɗauki hadisin a kan zahirinsa, kuma a nan mafi yawan samarin suka samo abin.

Amma yadda ake fahimtarsa shi ne wurin magana. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan hijira, ya ce abin nufi shi ne kai matuƙa wajen daidaita sahu da toshe giɓi. Ka gwada da kanka: ka tsayar da dogon mutum kusa da gajere, ka ce su haɗa kafaɗa da gwiwa da idon sawu a lokaci guda, su kuma zauna a haka har ruku'u. Ba zai yiwu ba. Shaihu Ibnu Usaimin, wanda ya rasu a 2001, wanda kuma samarin ba za su ce ɗan gargajiya ne ba, ya yi bayanin cewa haɗa idon sawu ana yinsa ne a farkon tsayuwa don a tabbatar sahu ya miƙe, ba wai a lizimce shi har ƙarshen sallah ba, ya kuma soki masu buɗe ƙafafu da yawa kafaɗunsu na nesa da juna. Wannan shi ne abin da nake gani a masallatanmu. Saurayi ya wage ƙafafu kamar mai shirin kokawa, ƙaramin yatsansa ya kai ga na tsoho. Tsohon, da fason hunturu a dunduniya ko ciwon suga a ƙafa, ya ɗan ja tasa. Saurayin ya bi shi. A raka'a ta biyu tsohon ya haɗe ƙafafunsa wuri guda, saurayin ya ƙara miƙawa, a sama kuwa tsakanin kafaɗunsu yaro zai iya wucewa. Liman ya gama Fatiha da sura babu wanda ya ji ko aya ɗaya cikin su biyun. An toshe giɓin ƙasa an buɗe na sama, an kuma buɗe wanda ya fi su duka girma, wanda hadisin ya zo don a rufe shi.

Dattawa su ma akwai nasu. Wanda yake barin tazarar taki guda tsakaninsa da maƙwabcinsa, ko ya shimfiɗa buzunsa ya ce iyakarsa ke nan kada a shigo, ba Malikiyya yake bi ba. A Muwaɗɗa Imamu Malik ya ruwaito cewa Umar yana ba da umarni a daidaita sahu, sai an zo an gaya masa ya daidaita sannan ya yi kabbara. Ya kuma ruwaito daga kakansa cewa yana tare da Usman aka tayar da iƙama, yana ta roƙonsa ya yanka masa wani abu daga baitulmali, Usman yana baje tsakuwa da takalminsa, har mutanen da ya wakilta su duba sahu suka zo suka ce ya daidaita, sannan ya ce masa shiga sahu, ya yi kabbara. Halifa guda ya ajiye ma'aikata saboda wannan aiki kaɗai. A safiyar da aka soki Umar a shekara ta 23 bayan hijira, sai da ya ratsa sahu yana cewa ku daidaita, da ya ga babu giɓi sannan ya wuce gaba.

Akwai jumla guda a hadisin Ibnu Umar da ɓangarorin biyu suke tsallakewa. Annabi ya ce a tsayar da sahu, a daidaita kafaɗu, a toshe giɓi, a yi laushi a hannun 'yan'uwa, kada a bar wa Shaiɗan kafa, wanda ya sadar da sahu Allah ya sadar da shi, wanda ya yanke sahu Allah ya yanke shi. Kowa ya haddace toshe giɓi, laushin ne ba a ambata. Abu Dawuda ya yi bayaninsa da cewa idan mutum ya zo zai shiga sahu, kowa ya sassauta masa kafaɗa ya samu wuri. A wani hadisin aka ce zaɓaɓɓunku su ne mafi laushin kafaɗa a sallah. Tsohon da aka ɗan ja hannun rigarsa ya matso ya ƙi motsi ya saɓa wa wannan. Saurayin da ya ga ana janye masa ƙafa ya nace shi ma ya saɓa masa.

Kuma mai gyaran sahu yana da nasa ladabin. Malaman sira sun kawo cewa ranar Badar, a shekara ta 2, Annabi yana daidaita sahun mayaƙa da kibiya a hannunsa, ya ɗan zunguri cikin Sawadu ɗan Gaziyya da ya fito daga layi, ya ce daidaita, Sawadu. Sawadu ya ce ka ji mini ciwo, a ba ni ramuwa. Annabi ya yaye cikinsa ya ce rama. Sawadu ya rungume shi ya sumbaci cikin. Wanda ya fi kowa haƙƙin gyara sahu, da aka ce masa ya yi zafi, bai ce sunna nake tsayarwa ba.

In kuna neman abin da ke yanke sahu da gaske a garuruwanmu, ba sai kun duƙa kallon yatsu ba. Ka je Juma'a a Garwa ko Marwa cikin watan Afrilu, lokacin da masallaci ya cika mutane suka malalo kan titi. Sahu yana bin inuwar darbejiya ne: mutum goma a gindin wannan bishiyar, fili babu kowa, wasu ashirin a ƙarƙashin rumfar mai shayi, wasu can gaban liman ma ba su sani ba. Ga masu aiko yaro da darduma tun hantsi a kama musu sahun gaba, su iso ana gab da huɗuba suna tsallake wuyan mutane. Ga ɗan dako da ya zo da wuri ya zauna, a taɓa kafaɗarsa a ce ya matsa Alhaji ya iso, alhali Annabi ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa a zauna. Sahun farko da aka ce da mutane sun san ladansa da sai an yi ƙuri'a, na wanda ya riga zuwa ne. Abin da aka keɓe kawai shi ne masu hankali da sani su kasance a bayan liman, don su tuna masa in ya manta ko su gaje shi in uzuri ya same shi. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili: wannan masallacin Fulani ne, wancan na Hausawa, can na Barebari ko Larabawan Shuwa, wanda ya musulunta daga baya kuma a riƙa kallonsa kamar baƙo shekara da shekaru. Darduma mai layi da ake shimfiɗawa yanzu ta raba mu da karkacewar sahu, amma waɗannan ba ta taɓa su ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka shi ne jam'i na biyu. A Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri a ƙasar nan ya karanta, an karhanta a yi jam'i sau biyu a masallacin da yake da liman tsayayye. Ko malaman da suka halatta jam'i na biyu, sun halatta shi ne ga wanda ya makara, ba ga wanda yake zaune a waje yana jira liman ya sallame ba. Wannan yanke sahu ne da gangan, da sunan gyaran sahu. Abdullahi ɗan Mas'ud ya fi samarinku sanin sunna. Da Usman ya cika sallah raka'a huɗu a Mina, bai ji daɗi ba, ya faɗa a fili cewa raka'a biyu ya yi tare da Annabi da Abubakar da Umar. Sannan ya tashi ya bi Usman ya yi huɗu. Aka ce masa ka soki abu kuma ka yi shi, ya ce saɓani sharri ne. Wannan fa adadin raka'a ne, ba tazarar yatsa ba, ba ƙabalu da sadalu ba. An taɓa gwada irin hanyar da samarinku suke so a Masallacin Harami kansa: ƙarnuka da dama kowace mazhaba da wurin tsayuwar limaminta a gefen Ka'aba, sai a shekarun 1920 aka mayar da mutane bayan liman ɗaya, kuma ban san wani malami da yake kewar wancan tsarin ba.

Gina masallaci alheri ne in jama'a sun yi yawa ko wuri ya yi nisa. In fushi ne harsashinsa, a karanta musu aya ta 107 a Suratut Tauba, inda Allah ya lissafa raba tsakanin muminai cikin laifukan masallacin munafukai da ake kira Masallacin Dirar, wanda aka rushe a shekara ta 9. Ban ce ku kira masallacin kowa da wannan sunan ba, kada wani ya ɗauki maganata ya je ya jefi wani da ita. Su dai su tambayi kansu abin da ya tashe su.

Abin da za ku yi a aikace ba shi da yawa. Liman ya juyo ya dubi sahu kafin kabbara, ya daina faɗin "istawu" yana kallon alƙibla, in ya ga giɓi ya kira a cike shi, ya faɗa da Hausa da Fulatanci yadda kowa zai ji. A daidaita da dunduniya da kafaɗa, ba da kan yatsu ba, don ƙafafu ba tsayinsu ɗaya ba. Kowa ya buɗe ƙafafunsa daidai faɗin jikinsa, a matso har kafaɗu su haɗu. In an yi haka ƙafafun ma za su kusanci juna da kansu, wanda tasa ta taɓa ta maƙwabci madalla, wanda aka janye masa ya ƙyale. A cika sahun gaba kafin a fara na baya, kamar yadda aka ce mala'iku suna yi. Ku zaunar da mutum biyu daga kowane ɓangare, ba bayan sallah a gaban jama'a ba, a gida, ku karanta musu hadisin Ibnu Umar gaba ɗayansa. Ka fara da dattawa, ka roƙe su su matso, don saurayi ya fi saurin sauka in ya ga an karɓi rabin maganarsa.

Tunda kana cikin masu kula da masallaci, ga wasu hukunce-hukunce da za a tambaye ka. Wanda ya ga giɓi a gabansa yana cikin sallah, Mukhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ba shi damar takawa kamar sahu biyu ya cike shi, sallarsa ba ta ɓaci ba. Yin sahu tsakanin ginshiƙai makaruhi ne sai in wuri ya yi ƙunci. Wanda ya zo ya tarar sahu ya cika ya tsaya shi kaɗai a baya, sallarsa ta yi a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, Hambaliyya ne suka tsananta saboda hadisin Wabisa, inda Annabi ya umarci wanda ya yi sallah shi kaɗai a bayan sahu ya sake ta. Kuma kada ya jawo wani daga sahun gaba ya tsaya da shi. Halil ya ce kuskure ne daga mai jan da wanda ya yarda aka ja shi, ga shi kuma an buɗe giɓi a sahun da yake a cike.

Wallahu a'alam.